Yadda ake cike sassaƙaƙƙen rubutu da ruwan zinare a allon dutse

Tambaya: Wani malami daga kwamitin wata makarantar Islamiyya ya rubuto cewa suna da allon baƙin dutse mai sheƙi, irin giranit, a jikin bangon ƙofar makaranta, wanda aka sassaƙa wa Bismillah da Larabci a sama, sannan sunan makarantar da ranar buɗe ta da boko a ƙasa. An fesa wa haruffan fentin ruwan gwal na gwangwani, amma damina biyu kacal suka wuce launin ya rine ya koma ƙasa-ƙasa, wani wurin ma ya yi kore-kore. Yana son sanin abin da ya jawo haka, da yadda za a sake cike rubutun ya daɗe yana ƙyalli.

Amsa: Malam, Allah ya saka muku da alheri bisa wannan hidima. Abin da ya sami allonku ba sabon abu ba ne a wannan sana'a, kuma laifin yana ga abin da aka zuba a gurbin haruffan fiye da hannun wanda ya zuba shi. Fentin da ake sayarwa da sunan ruwan gwal, na fesawa ne ko na shafawa da buroshi, babu zinare a cikinsa ko ƙwayar zarra. Mafi yawansa garin tagulla ne, wato jan ƙarfe da aka haɗa da tutiya, aka niƙe shi ya zama ƴan siraran ɓawo masu kwanciya a saman fentin suna mayar da haske. Jan ƙarfe kuwa ba ya shiri da danshi da iska, kamar yadda duk wanda ya taɓa ajiye tsohon kwabo ko mundayen tagulla ya sani: yakan fara dishewa, ya yi duhu, daga baya ya fitar da wannan koren da kuka gani. A cikin ɗaki yana iya ɗaukar shekaru kafin hakan ta bayyana, amma a bangon da ruwan sama ke duka, rana kuma ta gasa baƙin dutsen har ba ya taɓuwa da hannu, damina biyu ma ya yi ƙoƙari.

Akwai wani nau'in fentin da ake yi da maika, wani ma'adini mai ɓawo-ɓawo da ake lulluɓe shi da sinadarai masu ba da launin gwal. Shi ba ya rinewa domin babu jan ƙarfe a cikinsa, sai dai ƙyallinsa mai sanyi ne, ya fi kama da na hodar kwalliya fiye da na ƙarfe, kuma idan aka tsaya daga nesa sai a gan shi kamar rawaya mai ɗan sheƙi. Duk da haka ya fi garin tagulla dacewa da waje, kuma zan dawo kansa a ƙasa, domin na san ba kowane kwamiti ne zai iya ɗaukar nauyin abin da zan fara ba da shawara a kai ba.

Shawarata ita ce a yi amfani da ganyen zinare na gaske. Mutane sukan razana da jin sunan, amma lissafin ba shi da ban tsoro. Ana bugun zinaren ne har kaurinsa ya koma wajen kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita, sannan a jera shi cikin ɗan littafi mai ganye 25, kowane ganye santimita 8 tsawo 8 faɗi a ma'aunin Turai. Littafi guda yana rufe wajen santimita murabba'i 1,600, alhali zinaren da ke cikinsa duka bai kai rabin giram ba. Allo mai layi biyar ko shida na matsakaitan haruffa ba zai ci fiye da littafi ɗaya ko biyu ba, har da abin da zai lalace a hannun mai koyo. Abin lura shi ne karat. Na 24 shi ne tsantsa, na 23 yana da zinare kusan kashi 96 cikin ɗari, kuma daga 23 zuwa sama ake amfani da shi a waje. Na 18 da na 21, waɗanda mata suka sani a wajen sarƙa da ɗankunne, suna da azurfa da jan ƙarfe da yawa a cikinsu, saboda haka ganyensu yakan dishe idan ya sha ruwa da rana. Domin a gane irin juriyar ganyen gaske, ƙubbar wani tsohon gini mai suna Invalides da ke Faris an sake lulluɓe ta da shi a 1989, da zinare wajen kilo 12, kuma har yau tana walƙiya a cikin ruwa da sanyin Faransa.

Sai a yi hattara wajen saye, domin akwai ganyen jabu da ake yi da tagulla, wanda yake zuwa a littafi shi ma, kuma a ido ba shi da maraba da na gaske. Ana gane shi ta girmansa, don yawanci santimita 14 ne ko 16, da kuma kaurinsa: ana iya ɗaukarsa da yatsu a juya shi bai yage ba, alhali na gaske da zarar an murza shi tsakanin yatsu sai ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Na jabun yana da amfaninsa a firam ɗin hoto da kayan ɗaki idan an rufe shi da banish, amma idan aka sa shi a allonku, abin da ya faru a baya ne zai sake faruwa. Ganyen gaske kuma iri biyu ne, akwai sakakke da ke kwance kawai tsakanin takardun littafin, akwai kuma wanda aka danne a jikin siririyar takarda ana ɗaukarsa tare da ita. Na biyun nake ba ku shawara, tunda aikin a waje yake kuma a jikin bango, inda ƴar iska kaɗan za ta kwashe sakakken ganye ta tafi da shi.

Kafin a kashe ko sisi, a duba zurfin rubutun da farce. Idan farce yana faɗawa cikin harafin sosai, an sassaƙa shi ne da kurfi ko an ƙwaƙule shi da feshin yashi, kuma zai riƙe duk abin da aka sa masa. Idan kuwa farce yana wucewa ne kawai yana jin ɗan kaushi, to injin leza ne ya goge sheƙin saman dutsen, babu wani gurbi da za a cike, kuma duk lokacin da aka zo kankare abin da ya haura gefe sai an haɗa da na cikin harafin. Irin wannan allo sai a mayar da shi wurin masu sassaƙa su ƙara masa zurfi, ya kai ko da milimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Gurbin da ya fi fito da zinare shi ne mai gefe biyu da suka haɗu a ƙasa kamar harafin V, domin ko ta ina rana take, gefe ɗaya yana kama haske ɗayan yana cikin inuwa, shi ya sa harafin yake fitowa kamar yana motsi. Mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi sauƙin aiki amma haskensa bai kai wancan ba.

Matakin farko shi ne fitar da tsohon fentin gaba ɗaya, kuma a nan ne yawancin masu aiki suke gajarta haƙuri. A jiƙa gurbin da tina, a bar shi ya yi laushi, a goge da tsohon buroshin haƙori, a bi lunguna da tsinken itace, musamman ɗigon ba da nun da ƙananan wasulan Bismillah, inda fenti ke taruwa ya daskare. Bayan haka a wanke allon da ruwa da ɗan sabulun gari, a ɗauraye sosai, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya bushe har cikinsa. Dutse yakan bushe a ido alhali yana riƙe da ruwa a cikin gurbin da aka sassaƙa, wanda ba shi da sheƙin da ke kare sauran fuskar, kuma duk abin da aka shafa a kan wannan danshin zai ɗago daga baya. Ana gab da fara shafi sai a bi gurbin da auduga da sifirit domin cire maiƙon hannu.

Sannan a yi shimfiɗa. Ana shafa wa cikin haruffan fentin mai, mai sheƙi, launin rawaya, siriri, da ƙaramin buroshi mai laushi, a bar shi awa 24, a sake shafa na biyu. Amfanin wannan shimfiɗa uku ne a haɗe: tana toshe ƙofofin dutsen don kada ya shanye abin da za a manna zinaren da shi, tana daidaita kaushin sassaƙar, tana kuma ɓoye ƴan tsagar da ba a rasawa a jikin ganyen, tunda rawaya ce za ta leƙo ta ciki maimakon baƙi. Ganyen zinare ba shi da kaurin da zai rufe aibi, duk yadda ƙasansa take haka zai fito. Idan ƙasan tana da santsi zai yi walƙiya, idan tana da kaushi ko ƙura ta maƙale mata, sai ya fito a dushe da ƴan ƙuraje. Kada a damu idan fentin ya ɗan haura kan fuskar dutsen, domin za a kankare shi a ƙarshe.

Yanzu sai abin da aikin duka ya rataya a kansa, wato man manna ganyen. Wani dafaffen man linsid ne, wato man ƙwayar wata shuka, da ake haɗawa musamman don wannan aiki, Faransawa suna kiransa mixtion, kuma na kamfanin Lefranc & Bourgeois yana cikin sanannu. Ana rubuta masa adadin awoyi a jikin kwalba, kamar 3 ko 12, ma'ana tsawon lokacin da zai ɗauka bayan shafawa kafin ya kai matsayin karɓar ganye. Na awa 12 ya fi ba da haske, kuma yakan daɗe yana riƙe da danƙonsa, wanda ke ba mai aiki sarari. Akwai wani na ruwa, fari kamar madara, mai nuna cikin minti 15 zuwa 30, amma na cikin ɗaki ne, ba ya taɓa bushewa ya yi tauri yadda zai jure damina, don haka a bar shi. Ana shafa man siriri ƙwarai, a ja buroshin daga ƙasan gurbin zuwa sama domin kada ya kwanta a kwarin harafi. Inda ya taru, samansa zai yi fata cikinsa yana ɗanye, zinaren da aka ɗora a kai kuma zai nutse ya tattare.

Awoyin da ke jikin kwalbar an ƙiyasta su ne da yanayin ƙasashe masu sanyi, don haka a wurinmu ba a dogara da agogo. A bazara, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ke haura digiri 40, man yakan riga lokacinsa nesa ba kusa ba, a tsakiyar damina kuma yakan yi jinkiri. Abin da nake yi shi ne in shafa ɗan man a kan wani guntun tayil a lokaci guda da allon, in ajiye shi a gefensa, in riƙa gwaji a kansa. Gwajin da bayan gaɓar yatsa ake yi: idan man ya biyo fata, bai yi ba, idan aka ja gaɓar a hankali ya yi ƴar ƙara yana kama fata kaɗan ba tare da ya bar mata komai ba, to ya nuna, idan ya yi sumul babu kamu, ya wuce, sai a sake shafa sabo. Masu koyo kusan kullum gaggawa ce ke kayar da su, su ɗora ganye a kan ɗanyen mai, su sami zinare mara haske wanda ba a bambanta shi da fenti. Gwargwadon yadda man ya kusa bushewa, gwargwadon hasken da za a samu.

Lokacin aikin ma a zaɓe shi. Hunturu yana da busasshiyar iska mai kyau ga bushewar dutse, amma ƙurarsa tana sauka a kan man ta cinye danƙonsa, damina kuma hadari yana iya tasowa a tsakiyar aiki. Ƙarshen damina kafin ƙura ta sauko, wajen watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ya fi mini daɗin irin wannan aiki. Idan allon yana ciruwa daga bango ba tare da haɗarin fashewa ba, a cire shi a kwantar a cikin aji, a rufe tagogi, a kashe fanka. Idan ba ya ciruwa, a yi masa rumfa da tabarma ko tamfol don kada rana ta taɓa shi, a shafa man da yamma bayan dutsen ya huce, a rufe shi da kwali wanda ba ya taɓa fuskarsa, a dawo da sassafe a gwada.

Ɗora ganyen kansa ba shi da wuya. Ana yanka takardar da almakashi gwargwadon tsayin layin rubutu, a kifa ɓangaren zinaren a kan harafi, a danna ta baya da babban yatsa, a bi gefe ɗaya na gurbin sannan ɗayan, a ɗaga takardar. Zinaren zai zauna inda mai yake. A gurbi mai zurfi ganyen yakan tsage a can ƙasa saboda ba ya miƙewa, wannan kuma ba kuskure ba ne, sai a sake kifa wani guntu a wurin tun man yana da danƙo, a tura shi da busasshen buroshi mai laushi, ana dannawa a tsaye ba tare da an ja shi ba. A tara ɓurɓushin da ke zubowa a takarda, shi ne ake cike ɗigo da wasula da shi. Bismillah ce za ta fi cin lokaci saboda siraran jelolin haruffa, don haka gara a ware mata rana dabam a maimakon a shafa wa allon duka mai a lokaci guda sannan man ya bushe ana tsakiyar aiki.

Bayan an gama, a bar shi kwana biyu. Sannan a share cikin haruffan da auduga mai laushi a hankali, a ɗauki sabuwar reza, a kwantar da ita kusan a shimfiɗe a kan fuskar dutsen, a kankare fenti da mai da zinaren da suka haura gefe, ana tura ta a karkace ta ƙetare harafin don kada bakinta ya faɗa cikin gurbi. Giranit ya fi ƙarfen reza tauri, shi ya sa wannan dabara take yiwuwa a kansa, kuma ita ce ke fitar da bakin harafi tsaf kamar an ja shi da rula. Daga nan an gama. Kada a shafa banish a kan zinaren gaske da sunan kare shi, domin zinaren ba ya tsatsa, banish ɗin ne zai yi rawaya ya tsattsage cikin ƴan shekaru ya tafi da hasken. Tsummokaran da suka sha man linsid kuma a jiƙa su da ruwa ko a baza su a fili su bushe, domin idan aka cukuikuye su wuri guda suna iya ɗaukar zafi su kama wuta da kansu.

Idan kuɗi ko samun ganyen ya gagara, a koma ga fenti, amma a yi shi bisa ƙa'ida. A nemi fentin mai na masu rubutun allo, irin 1 Shot na Amurka idan an samu, ko wani na waje da aka yi da maika, a guji na fesawa. Wankewa da shimfiɗar rawaya duk ɗaya ne da na sama. A gauraya fentin sosai kuma a riƙa sake gaurayawa ana cikin aiki, domin garin da ke ba da ƙyallin yana da nauyi, yakan kwanta a gindin gwangwani ya bar ruwa a sama. A shafa siriri sau biyu ko uku da tazarar kwana ɗaya-ɗaya, domin cika gurbi taf a lokaci guda yana sa fentin ya zubo a bango, ya kuma tattare idan ya bushe. Kada a tsinka shi da fetur kamar yadda wasu suka saba, yana kashe sheƙin kuma yana raunana riƙonsa. Wanda ya haura gefe a bar shi ya bushe a kankare da reza. Kuskuren da na fi gani shi ne goge shi yana ɗanye da tsumma mai tina, tsumman ya nutsa cikin harafin ya kwaso abin da aka zuba, ya kuma shafe fuskar allon da wani dishi-dishin gwal mai wuyar fita. Wanda ya bi wannan hanya ya sa a ransa cewa zai riƙa sabunta shi bayan ƴan shekaru, kuma idan aka haɗa kuɗin sabuntawa sau uku, sau da yawa ya zarce na ganyen da aka guje wa.

Duk abin da na faɗa game da reza na giranit ne mai sheƙi kaɗai, kuma ina jaddada wannan saboda makarantu da masallatai da yawa farin mabul suke sawa. Mabul yana da laushi, reza tana iya kartarsa, yana kuma shan mai ya yi tabo a kewayen harafi wanda ba ya wankuwa. A kansa sai an fara rufe gurbin da shalak, wato ƙaron da ake narkarwa a sifirit, sannan a yi shafin cikin natsuwa ba tare da an haura gefe ba, kuma kada a kusantar da shi da ruwan batir ko lemon tsami ko duk wani abu mai tsami, domin yana cinye shi. Zinare ma ba ya fitowa sosai a kan fari, ni da kaina nakan ba masu farin mabul shawarar baƙi ko kore mai duhu. Katako shi ma yana tsotse fenti ta jijiyoyinsa ya watsa shi a gefen harafi kamar gashi, sai an rufe fuskar da gurbin da shalak ko banish tukuna. Allon tagulla na ƙofar ofis kuwa baƙi ake cika masa, tunda shi kansa launin gwal ne, allon roba mai kama da gilashi kuma tina tana tsattsaga shi, fentin ruwa kawai ake sa masa.

Game da kula da allonku bayan an gama, a sanar da mai gadi da ɗaliban da ke share harabar cewa ruwa zalla da tsumma mai laushi sun wadatar, su ma a kan fuskar dutsen, ba a cikin haruffan ba. Brasso da soson ƙarfe da sabulun gari duk suna iya lalata ganyen. Ƙurar hunturu da ta kwanta a gurbin a bar ta, ko a kaɗe ta da busasshen buroshi mai laushi, ruwan farko zai wanke sauran. Idan kuma ruwan indararo yana zuba kai tsaye a kan allon, a karkatar da indararon ko a yi wa allon ƴar rumfar kwano mai faɗin taƙi ɗaya a samansa tun kafin a fara aikin.